Kaka da Sana'ar Hannu a Mubi: Yadda Ake Raba Kwana 85 Tsakanin Gona da Kasuwa

Daga ranar 1 ga watan Oktoba zuwa ranar Kirsimeti kwana 85 ne cif, watau mako goma sha biyu da kwana ɗaya. A garin Mubi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, can arewacin Jihar Adamawa, cikin waɗannan 'yan kwanaki ne ake kwashe amfanin gonar da iyali za su ci har shekara ta kewayo, kuma cikinsu ne teloli da maƙera da magina tukwane da masaƙa da mata masu matsar man gyaɗa suke samun wani babban kaso na cinikinsu na shekara. Abin da ya sa batun ya cancanci nazari shi ne, galibi mutum guda ne ke riƙe da ayyukan biyu. Telan da ke zaune a bakin kasuwa shi ne mai gonar dawa a bayan gari, matar da ke zanen ƙwarya kuwa ita ce mai fegin wake da gyaɗa. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma a wannan yanki larura ta sa jama'a sun koyi yadda ake bi da su ɗaya bayan ɗaya. Ɗan kasuwar da ke sarin kaya daga hannun waɗannan mutane, ko yake sayar musu da zare da yadi da buhu, yana bukatar sanin yadda suke wannan rabo, domin ribarsa a rataye take da nasu lissafin.

Matsayin Mubi a harkar ciniki

Mubi tana gindin duwatsun Mandara, a gaɓar kogin Yedzaram, kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Yola. Ta kasance ƙarƙashin mulkin Jamus tun farkon ƙarni na ashirin, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta koma hannun Ingila, sa'an nan ƙuri'ar raba-gardama ta watan Fabrairu 1961 ta shigar da yankin cikin Nijeriya, inda garin ya zama hedkwatar Lardin Sardauna. A 1976 ta faɗa cikin Jihar Gongola, a 1991 kuma cikin Jihar Adamawa. Iyakar ƙasa ta canja sau da dama, amma hanyar fatauci ba ta canja ba. Har yanzu ana ratsawa ta Sahuda a shiga Kamaru, kuma kasuwar shanu ta Mubi tana karɓar dabbobi daga Kamaru da Chadi, ana loda su a manyan motoci zuwa kudancin ƙasar nan.

Jama'ar yankin sun haɗa da Fulani da Gude da Fali da Nzanyi da Hausawa, ga kuma maƙwabta Higgi na Michika da Marghi da Kilba. Musulmi da Kirista suna zaune a unguwanni ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, kuma hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya tana Kwarhi, kusa da garin. Bugu da ƙari, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979 da Jami'ar Jihar Adamawa da aka kafa a 2002 sun tara ma'aikata da ɗalibai masu sayen kaya da tsabar kuɗi. Saboda haka mai sana'ar hannu a Mubi yana da masaya iri uku: manomin da ya sayar da amfaninsa, da ma'aikaci mai albashi, da baƙon da ya ƙetaro iyaka da sefa a aljihu.

Aikin da ba ya jira

Damina a wannan yanki takan fara wajen watan Mayu, ta ɗauke cikin Oktoba. Masara da gyaɗa su ne kan fara nuna, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Wake yana biye da su a Oktoba da Nuwamba, dawa kuwa sai Nuwamba har zuwa cikin Disamba. Ko da yake duk sunansu girbi, ba gaggawarsu ɗaya ba, kuma a nan ne manomi mai dabara yake samun sarari.

Gyaɗa ba ta ɗaukar jinkiri. Idan ruwa ya ɗauke ƙasa ta yi tauri, wajen cira sai 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. Idan kuma aka cire ta aka tara da danshi, sai ta yi fumfuna, wadda ke haifar da gubar afalatoksin mai lahani ga hanta, mai kuma hana gyaɗa shiga manyan kasuwannin duniya. Wake ma haka yake, domin kwanson da ya bushe ya wuce kima fashewa yake yi, ƙwayar ta zube, kuma tun a gona ƙwaro yake shigarsa. Wannan ne ya sa ake roron wake sau biyu ko uku, ba a jira ya bushe gaba ɗaya. Harawar wake da ta gyaɗa su ma kuɗi ne a garin da ke da masu kiwon turke da yawa, amma sai an ɗaure ta an ɗaga kan bishiya ko rufin ɗaki tun ganyenta bai kakkaɓe ba.

Masara da dawa sun fi haƙuri. Masarar da ta bushe a jikin kara tana iya ɗan jira, dawar da aka yanke aka ɗaure dami tana iya kwana a rumbu da zangarniyarta, a bar sussuka da shiƙa sai bayan biki. Sai dai haƙurin nan yana da iyaka, domin ga tsuntsu da gara da ɓarayi, ga gobarar daji idan hunturu ya kama, ga kuma garken shanu da ke jiran a kwashe amfani su shiga kiwon kara. Yawancin rigingimun manoma da makiyaya a wannan lokaci daga amfanin da aka bari a gona suke tasowa. Ƙa'idar da gogaggun manoma ke bi ita ce a fara da abin da zai lalace, a kai abin da za a iya sacewa ko cinyewa gida, a jinkirta abin da zai zauna lafiya a rumbu.

Kowace sana'a da lokacin cinikinta

Kuskure ne a ɗauka cewa dukkan masu sana'ar hannu a mako ɗaya kasuwarsu ke buɗewa. Maƙeri ne kan fara, tun cikin Satumba, lokacin da ake neman lauje da magirbi da wuƙa, ana kuma kawo tsofaffi gyara. Ƙira daɗaɗɗiyar sana'a ce a waɗannan duwatsu. Sukur da ke Ƙaramar Hukumar Madagali, wadda Hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, ta yi suna ne da narkar da tama da kuma noman kan dutse. Bayan maƙeri sai masu saƙar zana da igiya da kwando, waɗanda ake nema a Nuwamba domin gyaran rumbu da shinge da ɗaukar amfani. Mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuwa suna sayen gyaɗa ne sa'ad da ta cika kasuwa ta yi araha. Tela da mai surfani da maɗinkin hula da baduku, nasu cinikin yana kankama ne daga ƙarshen Nuwamba, ya kai ƙololuwa a mako biyu na ƙarshe kafin Kirsimeti, yayin da 'yan asalin yankin da ke aiki a Yola da Maiduguri da Abuja da Legas suke dawowa gida. Magina tukwane da masu zanen ƙwarya da masaƙan faifai da tabarma suna dogara ne ga bukukuwan aure, waɗanda bisa al'ada sukan yawaita bayan an kammala girbi, kuɗi sun shigo hannu.

Wani abin lura kuma shi ne, gona da daji ne ke ba yawancin waɗannan sana'o'i kayan aiki, kuma a cikin kakar ne ake samunsu. Duman da za a fafe a yi ƙwarya sai yabanyarsa ta bushe ake cire shi, a yanka, a ƙanƙare, a shanya, kafin a kai ga zanen wuta da matan Fulanin Adamawa suka shahara da shi. Gambar da ake saƙa zana da ita tilas a yanke ta kafin a sa wa daji wuta. Tukunya ba ta gasuwa da kyau sai ruwa ya ɗauke, ita ma kuma a inuwa ake shanya ta, don kada iskar hunturu ta tsaga ta. Watau wanda ya shagala da girbi kaɗai, bai tara kayan sana'arsa ba, zai wayi gari a Janairu da lokaci a hannu amma babu abin yi da shi.

Bukukuwan Salla nasu lissafin dabam ne, domin shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya. A shekarar 2000 Ƙaramar Salla ta zo 'yan kwanaki bayan Kirsimeti, a 2007 Babbar Salla ta zo 'yan kwanaki kafinta, a 2013 kuwa Babbar Salla ta faɗo tsakiyar Oktoba, ana cikin cirar gyaɗa. A 2025 Sallolin biyu sun zo ne a ƙarshen Maris da farkon Yuni, nesa da kaka. A irin wannan shekara cinikin tela yana rabuwa gida uku, abin da ke rage masa cunkoso, ya kuma shimfiɗa masa samu a tsawon shekara.

Lissafin yini guda

Babbar tambayar da ke gaban mai sana'a ita ce: yau ya tafi gona da kansa, ko ya biya wani ya zauna kan aikinsa? Amsar tana cikin lissafi mai sauƙi. Alal misali, a ɗauka tela yana ɗinka kaya uku a yini, yana samun ribar N2,500 a kan kowanne, watau N7,500. A ɗauka kuma ɗan ƙwadago yana karɓar N4,000 a yini har da abincinsa. Idan telan ya rufe shago ya tafi yankan dawa, ya ceci N4,000 amma ya rasa N7,500, watau ya yi asarar N3,500 ba tare da ya ji a jikinsa ba. Mai saƙar tabarma kuwa, wadda ke ɗaukar kwana biyu kafin ta gama guda ɗaya mai ribar N3,000, yininta N1,500 ne kacal, don haka gara ta ajiye saƙa ta shiga gona, ta dawo kanta da dare. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, kowa sai ya sa nasa, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Sai dai lissafin bai tsaya a nan ba. Kuɗin ƙwadago yakan hau a lokacin kaka saboda kowa yana neman hannu a mako ɗaya, kuma aikin da ba idon mai gona a kansa yakan bar gyaɗa a ƙasa da wake a kara. Shi ya sa da yawa suka fi son jinga, a yi ciniki a kan fegi ko a kan awo, sa'an nan a tsayar da ɗan gida yana dubawa. Gayya ma tana nan a ƙauyuka, amma duk wanda aka yi wa gayya ya ci bashin yini, kuma za a iya nemansa a ranar da ya fi bukatar zama a shago. Akwai kuma rabon sa'o'i: roron wake da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, don kada kwanso ya fashe a hannu, sussuka da rana sa'ad da zangarniya ta yi ƙayau, ɗinki da saƙa da yamma har dare. Matan aure ne suka fi jin nauyin wannan tsari, domin bayan gonar gandu da nasu fegin, ga girki ga ɗebo ruwa ga reno, kuma daga abin da ya rage na yini ne suke fitar da sana'a.

Jari: a sayar da hatsi ko a ajiye

Kafin a ci ribar Disamba sai an zuba jari a Oktoba, kuma jarin mafi yawan masu ƙananan sana'o'i yana cikin buhu ne. A lokacin kaka hatsi yakan yi araha, ya yi tsada idan damina ta yi nisa. Wanda ya sayar da buhun masara don ya sayi yadi da zare, ya sayar a lokacin da ya fi arha. Amma kuɗin da aka sa a ɗinki yana iya juyawa cikin mako biyu ko uku, na hatsi kuwa sai ya jira wata shida ko bakwai, ga kuɗin buhu da haɗarin ƙwari. Kuma tashin farashi ba tabbas ba ne. A watan Yuli 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na tsawon kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya sauka a kasuwannin Arewa, har waɗanda suka ɓoye kaya da yawa suka yi kuka. Abin da bai kamata a taɓa ba shi ne abincin gida. Magidancin da ya sayar da shi don ya faɗaɗa sana'a, shi ne zai saye shi da tsada a watan Yuli. Haka nan zakkar amfanin gona, wadda take dami ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, da baikon girbi da Kirista ke kaiwa majami'a, duk a kan fitar da su tun kafin a ƙidaya abin da ya zama jari.

Ga wanda ya zaɓi ajiya, buhun nan mai ruɓi uku da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 ya kawo sauƙi. Leda biyu ne a ciki da buhu saƙaƙƙe a waje, idan aka ɗaure su tamau iska ba ta shiga, sai ƙwaron ya mutu ba tare da magani ba, muddin waken ya bushe sarai. Wannan ya fi zuba guba, wadda yawanta a jikin wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015.

Sauran hanyoyin samun jari su ne adashi, wanda masu hangen nesa suke tsara shi yadda kwasarsu za ta faɗo a Satumba ko Oktoba, da kafin alƙalami daga hannun mai ba da aiki. Gwamnatoci sun sha yunƙurin cike wannan giɓi, tun daga shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida a 1987, da Bankin Jama'a na 1989, da bankunan al'umma na 1990, har zuwa haɗe Bankin Jama'a da wasu cibiyoyi a shekarar 2000, wanda ya haifar da abin da ake kira Bankin Manoma tun 2010. Darasin da aka koya shi ne, rancen da ya iso hannun mai sana'a bayan biki ya wuce bashi ne kurum, ba jari ba.

Abubuwan da suka taɓa rusa lissafi

A ranar 29 ga Oktoba 2014 mayaƙan Boko Haram suka kame Mubi ana tsakiyar kaka. Jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru, amfani ya zauna a gona, kekunan ɗinki a shaguna. An ƙwato garin cikin Nuwamba, amma wannan shekara an rasa girbi an rasa ciniki a lokaci guda, abin da ya nuna cewa riƙe sana'a biyu a wuri ɗaya yana kare mutum daga fari ko faɗuwar kasuwa, amma ba ya kare shi daga rashin zaman lafiya. A watan Agusta 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a fara buɗe su ba sai Disamba 2020. A ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya takardun N200 da N500 da N1,000, sababbin suka fito ranar 15 ga Disamba, ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya kuma ya tsayar da cinikin ƙauye cik, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Tun daga lokacin masu sana'a da yawa suka buɗe asusu suna karɓar kuɗi ta wayar hannu.

Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, da sakin darajar naira a watan Yuni na shekarar, sun ƙara kuɗin ɗauko amfani daga gona da kuɗin zare da yadin da ake shigowa da su. A ɗaya ɓangaren kuwa, da yake sefa a ɗaure take da kuɗin Turai a kan 655.957 ga yuro ɗaya, duk lokacin da naira ta yi rauni kayan Nijeriya kan yi araha a idon mai saye daga Kamaru. Mai sana'ar da ke amfani da kayan gida, kamar yumɓu da gamba da duma da fata, ya fi cin moriyar wannan hali a kan wanda kayan aikinsa daga waje suke zuwa.

Abin da ya rage ga 'yan sari

Ɗan kasuwar da ke son kayan hannu daga Mubi domin cinikin ƙarshen shekara, ba a Disamba ya kamata ya iso ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin ba da aiki shi ne Agusta da Satumba, bayan an gama noma na ƙarshe kafin a fara girbi, sa'ad da hannu ya ɗan sarara, aljihu kuma ya bushe. Wanda ya kawo zare da yadi ko kafin alƙalami a wannan lokaci ya ceci mai sana'a daga sayar da hatsinsa da arha, shi kuma ya sami farashi mai sauƙi. Ya kyautu a ƙulla ciniki a rubuce ko a gaban shaidu, a fayyace adadi da fasali da ranar karɓa, a raba karɓar kashi biyu ko uku, a kuma kauce wa makonnin cirar gyaɗa da roron wake. Biyan ciko a ranar da aka karɓi kaya shi ne ke sa a ba mutum gaba a baɗi.

Shi ma mai sana'a akwai nasa haƙƙin. Kada ya karɓi aikin da ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage masa, domin kayan bikin da aka gama washegarin biki sun rasa rabin darajarsu, mai su kuma ba zai dawo ba. Ya ware kuɗin gona dabam da na sana'a, ko da a littafi ɗan ƙarami ne, don ya san wanda ke ciyar da wani. Bisa lissafin wata, wajen shekarar 2033 Ƙaramar Salla za ta sake kusantar Kirsimeti, kamar yadda ta yi a 2000. A wannan shekara cinikin Musulmi da na Kirista da yankan dawa duk za su taru a mako biyu, kuma waɗanda suka saba ba da aiki tun watan Agusta su ne za su sami kaya a hannu.